Kundin aikin haɗa iri biyu na Phytophthora infestans da bin diddigin gadon 'ya'yansu

3 ga Fabrairu

Yau na shuka haɗin farko, faranti 20. A kowane faranti na ɗora ɗan yankan iri ɗaya a gefe, ɗan yankan ɗayan a gefe, da tazarar santimita 3 a tsakaninsu, a kan aga na hatsin rai, wato daskararren abincin da ake rainon halittar a kai, sannan na rufe su na sa a inkubeta a ma'aunin zafi 18 cikin duhu. Domin kada in riƙa rikicewa da dogayen lambobinsu, na raɗa musu suna da launin tef ɗin da nake manna wa farantinsu. Fari shi ne mai nau'in haɗuwa A1, kuma maganin metalaksil yana hana shi girma. Ja shi ne mai A2, yana jure maganin tsaka-tsaki. A al'ada sai A1 ya haɗu da A2 wannan halitta ke yin ƙwai.

Wannan halitta ita ce ke kawo cutar ƙunar ganyen dankalin Turawa da tumatir, wadda ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga shekarar 1845, kuma Anton de Bary ne ya ba ta sunan da take ɗauke da shi a 1876. Ko da yake tana yin zare kamar fangas, ba fangas ba ce, ta fi kusa da gansakukar teku mai ruwan ƙasa. Abin da ya shafi aikina shi ne jikinta yana ɗauke da jeri biyu na kuromosom, wato ƙunshin da gado ke ciki, kamar yadda Eva Sansome ta fara nunawa ga danginta a 1961, saboda haka rabuwar ragi, wato mayosis, tana faruwa ne a cikin gaɓar namiji da ta mace kafin su haɗu. Ma'anar wannan ita ce dokar Mendel ya kamata ta yi aiki a kan 'ya'yan kai tsaye, rabi daga Fari, rabi daga Ja. Tambayar da nake son amsawa ita ce ko haka abin yake ga kowane ɗa, in kuwa ba haka ba ne, mece ce ke faruwa da waɗanda suka saɓa.

10 ga Fabrairu

Zaren ɓangarorin biyu ya haɗu a faranti 17. A madubin hangen ƙananan halittu na fara ganin ƙwayayen farko a kan layin haɗuwar.

14 ga Fabrairu

Faranti 6 sun lalace. Da na ɗaga ɗaya zuwa haske sai na ga wani siririn layi mai lanƙwasa ya ratsa saman agar, kamar sawun tururuwa a kan rairayi, kuma a kowane taku akwai ɗigon bakteriya mai yauƙi. Ƙananan ƙwarin nan ne masu shiga ta ƙarƙashin murfi suna jan ƙazanta daga faranti zuwa faranti. Laifina ne, domin na ajiye haɗin a shiryayye ɗaya da tsofaffin farantan da aka ɗebo daga ganyen gona, ban kuma naɗe bakinsu da kyau ba. Na ƙona shidan a tukunyar tururi, na wanke inkubeta da barasar gwaji mai kashi 70, na naɗe sauran 14 sau biyu. Asarar ta tsaya a kan faranti 6 da yini guda na aiki, kuma abin da ya rage zai isa idan ba a sake samun wata ɓarna ba.

3 ga Maris

Mako huɗu cif. Layin haɗuwar ya yi duhu har ana ganinsa da ido. A ƙarƙashin madubi ƙwayayen, waɗanda ake kira osfo, sun yi zagaye da bango mai kauri, launinsu kamar zuma, kuma gaɓar namiji tana zagaye da wuyan kowace kamar abin wuya, domin a wannan jinsin gaɓar mace tana huda ta namiji ne ta fito ta sama. Amma ba duka ke da lafiya ba. Da yawa ciki ya koma baƙi ya ƙanƙance, wasu kuma fanko ne. Na zuba wa samfuri ruwan gishiri mai ƙarfi, wanda ke sa cikin ƙwai mai rai ya tattare ya bar bango, na ƙirga 300, na samu 128 sun tattare. Wato fiye da rabi sun mutu tun kafin in taɓa su. Na rubuta wannan adadin a bangon littafin aiki da jan biro, saboda duk abin da zan ƙirga nan gaba, a cikin waɗanda suka tsira zan ƙirga shi.

5 ga Maris

Na yanko layukan haɗuwa, na niƙa su cikin ruwa mai tsabta, na bar su kwana guda cikin sinadarin da ke narkar da bangon zare, sannan na tace, na wanke sau uku, na jiƙa su minti 15 a ruwan famanganet mai kashi 0.25 kafin in shimfiɗa su a kan aga na ruwa zalla ƙarƙashin fitila. Manufar duk wannan wahalar ita ce kashe zaren iyaye da jakunkunan irinsu, domin in ko guntu ɗaya ya tsira zai tsiro in ɗauka ɗa ne. Sinadarin narkarwar ya cinye rabin kwalbar da ta rage mana, kuma ba za a sake sayo shi a wannan zangon ba. Kimanin osfo 4,000 na shimfiɗa a faranti 16.

12 ga Maris

Bakwai sun tsiro. Na ɗauke kowane da bakin allura zuwa farantinsa.

26 ga Maris

Na rufe ɗiba. Cikin mako uku na ga 131 sun fitar da bututun tsiro, abin da bai wuce kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ba, kuma 71 ne kaɗai suka kama suka zama tsiro mai zaman kansa bayan na dasa su. Sauran sukan fitar da bututu, wani lokaci har da jakar iri guda a kansa, sai su tsaya cik. Wuyana da idanuna sun ji jiki, awa uku kowace safiya a kan madubi.

Tun yanzu 'ya'yan ba kamanninsu ɗaya ba. Wasu sun cika faranti cikin kwana 10 da farin zare mai laushi kamar auduga, wasu kuwa a mako biyu ba su fi faɗin ƙumba ba, zarensu ya dunƙule ya nutse cikin aga. Na yi niyyar zubar da raunanan don in rage wa kaina aiki, amma Malam ya leƙo ya ce, “Ka bar su. In ka zaɓi masu kyau kaɗai, kai ne za ka ƙirƙiro sakamakon, ba halittar ba.” Na ce, “To, Malam,” na mayar da su shiryayye.

2 ga Afrilu

Tara daga cikin raunanan sun mutu da kansu. Saura 62. Na fara shuka su a ruwan abinci domin ciro DNA.

11 ga Afrilu

Sakamakon alamomin gado ya fito, kuma ya hana ni barci. Na yi amfani da alamomi 12 na gajerun jeri masu maimaituwa waɗanda masu bin diddigin wannan cuta suka saba aiki da su, irin su G11, D13, Pi4B da SSR4. Takwas daga cikinsu ne ke rarrabe iyayen nan biyu. Mafi amfani su ne waɗanda Fari ke da alil biyu nasa, wato siffofi biyu na alama ɗaya, in kira su a da b, Ja kuma yana da c da d, domin a nan kowane ɗa dole ya faɗa ɗaya daga cikin gida huɗu, ac, ad, bc ko bd, kowane gida da rubu'in 'ya'yan.

Biyar ba su da ko alil ɗaya na Ja. Uku daga cikinsu Fari ne sak a duk alamomin, wato zarensa ne ya tsallake wankin da na yi. Biyun kuma alil ɗin Fari kawai suke da shi, amma a wasu wuraren da yake da a da b su suna da a biyu ko b biyu, abin da ke nuna Fari ya haɗu da kansa ne. Wannan sananne ne, domin kowane iri yana iya yin gaɓar namiji da ta mace, kuma sinadarin da abokin haɗuwa ke fitarwa ya isa ya sa shi ya yi ƙwai shi kaɗai. Na cire biyar ɗin, saura 57 'ya'yan haɗin gaskiya.

A cikin 57, guda 46 sun bi ƙa'ida, alil ɗaya daga kowane ɓangare a kowace alama, ban da ɗaya da ya nuna alil guda tak a D13. Wannan bai dame ni ba tukuna, tun da an san D13 da alil ɗin da ba ya fitowa a gwaji. Sha ɗayan da suka rage kuwa suna da tsini uku a zanen da injin gwaji ke fitarwa, inda kowane tsini alil ɗaya ne, a inda ya kamata a ga biyu. Lamba 23, alal misali, tana da a, c da d a G11. Abin da ya fara zuwa mini shi ne na gauraya samfura, domin na tuna ranar ciro DNA an kira ni waje ina tsakiyar layi na huɗu, kuma ba zan iya rantsuwa cewa na sauya bakin bututun awo da na dawo ba.

13 ga Afrilu

Na sake ciro DNA na sha ɗayan daga sababbin faranti, kowane shi kaɗai, na sake gwajin. Tsini ukun suna nan yadda suke. Wannan ya ci gwaji 22 da ba sa cikin lissafi. Hannuna ya fita daga zargin gauraya bututu, amma akwai wani zargin da ya fi shi ƙarfi. Zaren wannan halitta ba shi da shamaki tsakanin ƙwayoyinsa, cibiyoyi masu yawa, waɗanda kuromosom ke cikinsu, su ne ke yawo a zare ɗaya, saboda haka in osfo biyu sun manne na ɗauke su tare, ko guntun zaren Ja ya biyo ɗa, tsiro ɗaya zai iya ɗaukar cibiyoyi iri biyu, injin kuma ba zai bambanta wannan da cibiya guda mai kwafi uku ba.

Hanyar raba gardama ita ce 'ya'yan iri masu iyo da ke fitowa daga jakar iri, domin kowannensu cibiya ɗaya yake da ita. Idan gauraye ne, layukan da suka fito daga ɗan iri guda-guda za su rabu, wasu su nuna alil biyu irin wannan, wasu irin wancan. Idan kuwa ƙarin yana cikin cibiyar ne, duka za su fito da uku.

15 ga Afrilu

Na wanko jakunkunan iri da ruwan sanyi, na sa su a firji a ma'aunin 4 na awa biyu har suka fashe, na tsarma, na shimfiɗa. Takwas daga cikin sha ɗayan sun ba da 'ya'yan iri. Ukun ba sa yin jakar iri ta kirki, sai dai in ɗauki bakin zare.

22 ga Afrilu

Gwajin nau'in haɗuwa ya kammala, kowane ɗa an gwada shi da sanannen A1, da sanannen A2, da kuma shi kaɗai. An samu A1 guda 33, A2 guda 22, sai biyu da suka yi ƙwai da kowane ɓangare har ma su kaɗai a faranti. Bisa fahimtar da aka fi yarda da ita, A1 yana da alil biyu mabambanta a wannan gurbin, A2 kuma iri ɗaya, don haka rabi da rabi ake sa rai. Da ido 33 da 22 kamar sun karkata, amma lissafin kai-sukwaya, wanda ke auna girman karkatar, ya ba da 2.2, ƙasa da 3.84 da ake buƙata kafin a ce karkatar ta wuce sa'a. Ba zan ce komai a kai ba da 'ya'ya 55. Abin da ya ja hankalina shi ne biyun nan masu haɗuwa da kansu, lamba 9 da 40, dukansu suna cikin sha ɗayan masu tsini uku.

29 ga Afrilu

Gwajin metalaksil a maikurogiram 5 da 100 cikin kowace mililita. Wanda girmansa bai kai kashi 40 na farantin da ba magani ba a duka biyun, mai jin magani ne, wanda ya wuce 40 a na 5 kawai, tsaka-tsaki ne. Na samu 27 masu ji, 24 tsaka-tsaki. Shida sun yi jinkirin girma har a farantin da ba magani, awon nasu ba shi da ma'ana, na bar gurbinsu babu komai.

6 ga Mayu

Layukan ɗan iri guda sun girma, biyar-biyar daga kowane, kuma gani ya kori ji. Lamba 51 gauraye ce, layukanta sun rabu gida biyu, uku suna da alil biyu na ɗa na gaskiya, biyu kuma Ja ne tsantsa. Wannan kuskurena ne, na karɓa. Sauran bakwai kuwa duk layukansu sun fito da alil uku, in ban da layi ɗaya na lamba 23 wanda ya zubar da d ya koma a da c. Wannan layin ya fi sauran huɗun saurin girma a fili, kuma ya bayyana mini abin da na daɗe ina gani a farantin lamba 23, inda wani yanki mai siffar yankan kankana kan tsere wa sauran ya kai bakin faranti tun kafin su. Alamu sun nuna ƙarin kuromosom ɗin ba ya zama daram, yana iya faɗuwa yayin rabuwar ƙwayoyi ta yau da kullum, cibiyar da ta sauke nauyin kuma sai ta rinjayi sauran. Daga yau zan daina yawan dasa waɗannan layukan, na kuma daskarar da kwafin kowane a ruwan naitirojin kafin su sauya a hannuna.

Na koma na karanta aikin da Theo van der Lee da abokan aikinsa suka buga a 2004 daga Wageningen, inda suka zana taswirar gado daga haɗi biyu, ɗaya na irin Holan, ɗaya na irin Meziko. Su ma sun ci karo da 'ya'ya masu kwafi uku na kuromosom guda, sun kuma ga alamar musayar gutsattsarin kuromosom kusa da gurbin nau'in haɗuwa. Na karanta takardar tun kafin in fara aikin, amma a lokacin na ɗauki wannan sashen a matsayin bayanin gefe.

Yadda abin ke faruwa kuwa, a rabuwar farko ta mayosis kuromosom biyu masu kama da juna kan yi layi, ɗaya ya tafi nan, ɗaya can. In suka ƙi rabuwa, wata cibiyar ta kwashe duka biyun, wata ta tashi babu ko ɗaya, abin da Calvin Bridges ya bayyana a ƙudan 'ya'yan itace a 1916. Ɗan da ya fito daga ta farko zai sami c da d tare, ga a ko b daga ɗaya ɓangaren. Wanda ya fito daga ta biyu kwafi ɗaya kawai zai samu, kuma ina kyautata zaton da yawa daga irinsu suna cikin baƙaƙen ƙwayayen da na ƙirga a 3 ga Maris, ko da yake ba ni da hanyar tabbatarwa tun da ba su bar mini DNA ba. Akwai kuma abin da alamomina ba za su gani da kyau ba. In ƙin rabuwar ya faru a mataki na biyu, ɗan yana iya samun c biyu da a ɗaya, tsini biyu ne za su fito, sai dai ɗaya ya fi tsawo. Ido ba mudu ba ne, tsawon tsini kuma yana sauyawa da dalilai da yawa, don haka goman da suka rage mini ƙaramin adadi ne, na gaskiya zai iya fin haka. Alamomi takwas ma ba za su rufe kuromosom 15 da aka tabbatar wa wannan halitta a 2022 ba.

13 ga Mayu

Awon yawan DNA a cibiya, da injin da ke wuce da cibiyoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske. Lamba 14 da 62, waɗanda ke da alil uku a kusan kowace alama, sun nuna ninki ɗaya da rabi na iyayensu. Waɗannan jeri uku cikakku suke da shi, wato ɗaya daga cikin iyayen ya ba da cibiyar da ba a rage ta ba, kuma a dukansu Ja ne ya bayar. Ba baƙon abu ba ne a gona, domin irin 13_A2 da ya mamaye Turai jeri uku gare shi, haka ma tsohon US-1. Sauran takwas injin bai bambanta su da iyayen ba, kuma haka ya dace, tun da ƙarin kuromosom ɗaya a kan 30 bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba, abin da ke ɓacewa cikin kaɗawar awon.

A cikin goman, ƙarin ya fito daga Ja a guda takwas, daga Fari a biyu. Ina zargin tsarin kuromosom ɗin Ja yana da wata musaya da ke dagula layin mayosis, amma zargi ne kawai.

20 ga Mayu

Gwajin ganye ya ɓaci. Na ɗiga jakunkunan iri a kan ganyen dankali da aka tsinko, a akwatuna masu danshi, sai injin sanyaya ɗakin ya tsaya kwana biyu, zafi ya haura 28, ganyen ya yi rawaya, ko iyayen ba su yi tabon kirki ba. Babu abin da za a ɗauka daga ciki. Tsiron dankalin da ya rage ba zai ba da ganye mai shekaru ɗaya da wancan ba sai bayan mako uku, na shuka sabo yau.

24 ga Mayu

Mun zauna da Malam a kan abin da ya rage na kasafin, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Karanta jerin DNA gaba ɗaya ne kaɗai zai nuna wane kuromosom ne ya ƙaru, domin mai kwafi uku zai fito da zurfin karatu ninki ɗaya da rabi na sauran, kuma alil ɗinsa za su rabu kashi ɗaya da biyu cikin uku maimakon rabi da rabi. Amma jerin wannan halitta ya kai tubali miliyan 240, kusan kashi uku cikin huɗu nasa maimaici ne, saboda haka kowane samfuri yana da nauyi. Na so a tura duka goman, Malam ya ce takwas ne iyakar abin da za mu iya, kuma dole iyayen biyu su shiga. Mun tsaya a kan Fari, Ja, lamba 9 da 40 masu haɗuwa da kansu, lamba 23 da layinta da ya zubar da d, ɗan da ya nuna alil guda a D13, da ɗaya daga cikin masu bin ƙa'ida don kwatanci.

Gobe zan fara shuka takwas ɗin a ruwan abinci daga kwafin da na daskarar, ba daga farantan shiryayye ba. Zan kuma sake haɗa Ja da wani A1 dabam, faranti 12, da Fari da wani A2 dabam, faranti 12, don a ga ko ƙarin kuromosom zai bi Ja. A wannan karon zan ƙirga matattun ƙwayaye a kowane faranti dabam, kuma raunanan 'ya'ya zan ciro DNA ɗinsu tun suna faɗin ƙumba, kafin su mutu kamar taran nan na 2 ga Afrilu.